Kafin Ka Sayi Salansa, Fara Duba Shokazoba

Yau maganar tawa da 'yan'uwana ce masu manyan babura na doguwar tafiya, musamman mu 'yan Arewa da neman abinci ya zaunar da mu a Legas, Ibadan, Fatakwal, Inugu da sauran garuruwan Kudu, muke kuma ɗaukar hanya a kan babur mu je ganin gida mu dawo. Ra'ayina a taƙaice shi ne, duk wanda ya mallaki irin wannan babur, in ya gama da taya da birki da hular kwano, to kuɗin da zai fara kashewa ya kamata ya tafi ga shokazoba ne, ta gaba da ta baya. Salansa da fitilu masu walƙiya da fenti duk su jira. Na san wasu za su ce na faye tsanani, to a yi haƙuri a biyo ni sannu a hankali, in na gama kowa ya yanke nasa hukuncin.

Abin da ido ba ya gani

Duk wanda ke leƙa inda masu manyan babura ke haɗuwa a ƙarshen mako ya san inda hira ke karkata. Wane ya sa sabuwar salansa, wane ya taka wuta a hanyar Ibadan, wane ya yo odar akwatunan gefe na alminiyam. Da wuya ka ji wani ya ce ya canza man shokazobarsa. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Salansa tun daga nesa ake jin ta, ita kuwa shokazoba tana can ƙarƙashin kujera ƙura ta lulluɓe ta, ko nawa ka kashe mata babu mai yi maka barka. Na biyu kuma, mutuwarta a hankali take zuwa. Taya in ta fashe nan take ka sani, amma shokazoba kullum ƙarfinta ke raguwa kaɗan-kaɗan, jikinka yana sabawa, har ka ɗauka dama haka babur ɗin yake tun asali. Sai ka ji mutum yana cewa hanya ce ta ƙara lalacewa, ko kuma tsufa ne ya fara kama masa baya, alhali ƙafafun babur ɗinsa ne suka gaji.

Ƙari a kan haka, yawancin baburan da muke hawa na hannu ne, waɗanda Yarabawa ke kira tokunbo. Babur ya yi shekaru a Amurka ko Turai, ya ci dubban kilomitoci, sannan aka loda shi a kwantena aka kawo mana. Mai sayarwa zai wanke shi ya goge, ya canza baƙin mai, wataƙila ya sa sabon batir. Man da ke cikin shokazoba kuwa, sau da yawa wanda aka zuba tun daga kamfani ne, ba wanda ya taɓa buɗe shi.

Mene ne ainihin aikinta?

Mutane da yawa sun ɗauka amfanin shokazoba shi ne jin daɗin zama, kada rami ya girgiza maka hanji. Wannan gyara ce kawai irin wadda mai awo ke ƙara maka a kan mudu. Babban aikinta shi ne ta riƙe taya a manne da ƙasa. Mai karatu ya duba, babur da mahayinsa da kayansu duka, inda suke taɓa kwalta bai wuce faɗin tafin hannu biyu ba, ɗaya gaba ɗaya baya. Ta nan birki ke kamawa, ta nan ake shan kwana, ta nan ƙarfin inji ke sauka ƙasa. Idan kana gudun kilomita 100 a awa, to kana cin kusan mita 28 ne a kowace daƙiƙa. Ke nan in taya ta yi tsalle ta bar ƙasa na kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kacal, ka yi tafiyar kusan mita uku babu birki babu juya kai. Ko da babur ɗinka yana da birkin ABS, shi ma da tayar da ke ƙasa yake aiki, ba zai kama iska ba.

Abu biyu ne ke yin wannan aiki, sifirin da mai. Sifirin shi ke ɗauke da nauyi, ya lotsa idan taya ta hau tudu, ya miƙe idan ta faɗa rami. To amma sifirin shi kaɗai doki ne babu linzami, in ka danne shi ka saki sai ya yi ta rawa. Linzaminsa shi ne mai. A cikin bututun akwai fistin da ke tura mai ta wasu ƙananan huji, man ya ƙi wucewa da sauri, sai ya rage saurin lotsawa da saurin miƙewa. Ƙarfin bugun da babur ya sha sai ya koma zafi, shi ya sa in ka taɓa shokazobar baya bayan doguwar gargada za ka ji ta ɗauki zafi. Shi kuma mai in ya yi zafi tsinkewa yake yi, in ya tsufa ma haka, ga ɓarɓashin ƙarfe da yake kwasa. A shokazobar baya ta zamani ana ɗura iskar naitirojin da ƙarfi don ta danne man kada ya yi kumfa. Shekaru suna tafiya iskar tana sulalewa, mai yana tsinkewa, sai a wayi gari sifirin ne kaɗai ya rage yana rawarsa.

Hanyarmu da lodinmu

Wani zai ce ai injiniyoyin Japan da Jamus sun fi ka sani, me ya sa za ka taɓa abin da suka ƙera? Gaskiya ne sun fi ni sani, amma ba ni suka auna ba. Kamfani yana ƙera babur ɗaya ne ya sayar a duniya duka, don haka sai ya zaɓi sifirin da zai yi wa mutum mai matsakaicin nauyi daidai a kan hanya mai matsakaicin kyau, kuma a farashin da zai iya gogayya da abokan hamayya. A baburan da ba su faye tsada ba, shokazoba na daga cikin wuraren da ake rage kuɗi, saboda mai saye inji yake tambaya. Ɗauki Suzuki V-Strom 650 da ya fito a 2004, babur ne mai juriya da kowa ke yabo, amma shokazobar gabansa mai sauƙin tsari ce, kuma tazarar da take iya lotsawa wajen milimita 150 ce. Honda Africa Twin na 2016 kuwa yana da milimita 230 a gaba da 220 a baya. Kowanne da hanyar da aka yi shi dominta.

Yanzu dubi tamu hanyar. Daga Legas zuwa Kano tafiya ce ta kilomita 1,000 ko sama da haka, gwargwadon inda ka bi. Ka fara da babbar hanyar Legas zuwa Ibadan mai tsawon kilomita 127, wadda aka buɗe a 1978 aka kuma fara sake ginawa a 2013. Daga nan ko dai ka miƙe Ogbomosho, Ilori, gadar Jebba zuwa Mokwa, ko ka karkata ta Akure, Okene, Lokoja zuwa Abuja. Na Fatakwal kuwa sai ya ratso Inugu, Otukpo, Makurɗi da Lafiya. A wuni ɗaya za ka hau kwalta sumul, ka shiga inda tayoyin tireloli suka yi wa kwalta kunya kamar gonar dawa, ka ci karo da rami mai kaifin baki, ka sauka jar ƙasa inda ake aiki, ga tudun rage gudu a bakin kusan kowane ƙauye, kowa da irin tsayin da ya ga dama ya yi wa nasa.

Sai kuma maganar lodi, wadda ita ce tamu ta kanmu. Mu ba ma zuwa gida hannu rabbana. Akwai manjan Hajiya, akwai garin rogo, akwai goro, akwai atamfar ƙanne, wani lokaci kuma ga uwargida a baya. Bari mu yi lissafi. Babur irin V-Strom 650, nauyin da aka yarda a ɗora masa gaba ɗaya wajen kilo 200 ne, kuma kowane babur nasa adadin yana rubuce a littafinsa. A ce kai kilo 90 ne, rigar kariya da takalmi da hula kilo 8, wadda ka goya kilo 70, akwatuna uku da ƙarafunansu kilo 15, kayan ciki kilo 30. Ka ga an kai 213 ke nan, an wuce iyaka tun ba a ɗaura jarkar manja ba. Kuma mafi yawan wannan nauyi a kan tayar baya yake, wani ma ya zarce bayanta.

Abin da ke biyo baya sananne ne. Baya ya zauna, gaba ya yi sama ya yi sakayau. Fitila ta bar hanya ta koma idon masu tahowa. Kan babur ya yi nauyin juyawa, ka shiga kwana yana neman ya miƙe da kai waje. Tirela ta wuce ka iskarta ta buge ka, sai ka ji babur yana kaɗa gindi. Sannan tunda lodi ya riga ya cinye mafi yawan tazarar lotsawa, ramin farko da ka faɗa sai shokazoba ta kai ƙarshe, ƙarfe ya daki ƙarfe, bugun ya wuce kai tsaye zuwa wili da firam da ƙashin bayanka. Wasu daga cikin wilin da ake kai wa gyara a lanƙwashe, nan ne asalin labarinsu.

Awo kafin saye

Da na ce a kashe kuɗi a shokazoba, kada a fahimce ni da cewa a ruga a yo odar mafi tsada. Matakin farko ko kwabo ba ya ci, tef ɗin awo irin na tela ne da abokai biyu. Ka ɗaga babur a kan jak ɗin tsakiya yadda tayar baya za ta bar ƙasa, ka auna daga tsakiyar ƙarfen da ya ratsa wili zuwa wata alama da ka yi a jikin babur daidai samansa. Rubuta. Sauke babur ya tsaya a kan tayoyinsa babu kowa a kai, a sake aunawa. Sannan ka hau da cikakkiyar shigarka da lodin da ka saba tafiya da shi, ƙafafunka a kan matakai, aboki ɗaya ya riƙe babur ɗaya ya auna. Bambancin awon farko da na uku shi ne yawan zaman da babur ya yi a ƙarƙashinka. Ƙa'idar da masu wannan sana'a ke bi ita ce ya kasance wajen kashi 30 cikin 100 na dukkan tazarar lotsawa, wato kamar milimita 45 zuwa 50 ga mai 150. Haka za a yi wa gaba.

Me ya sa ba a son ya zama sifili? Saboda rami ƙasa yake, dole a bar wa taya sararin da za ta miƙa ta bi shi. Kashi ɗaya cikin uku na faɗawa rami, kashi biyu na hawa tudu. In awo ya nuna babur ya zauna fiye da haka, sai ka ƙara ɗaurin sifirin da zoben da aka tanada ko marfin da ake murɗawa a gefe, in bai kai ba ka sassauta.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Ɗaure sifirin ba ya ƙara masa ƙarfi. Sifirin da ke buƙatar kilo 10 kafin ya lotsa milimita ɗaya, ko ka ɗaure shi ko ka sassauta, kowane ƙarin milimita kilo 10 ɗin dai yake nema. Abin da ɗauri ke canzawa shi ne tsayin da babur zai zauna. Awo na biyu shi ke tona asiri. Idan ka samu zaman da ake so da kai a kai, amma da ka sauka sai babur ya miƙe ƙyam bai zauna ko kaɗan da nauyin kansa ba, to sifirin ya yi maka laushi ne, ɗauri kawai ka cika masa don ya ɗauke ka. Idan kuma ya zauna da yawa shi kaɗai, sifirin ya yi maka tauri. Haka nan in ka murɗa ɗauri har ƙarshe amma baya bai taso ba, magana ta ƙare, sifirin ɗin ba naka ba ne.

Yadda nake ganin ya kamata a jera kashe kuɗi

Na farko, a mayar da abin da ake da shi cikin hayyacinsa. A zubar da tsohon man shokazobar gaba, a wanke, a sa sabbin sil da zobban da bututu ke zamewa a kansu, a zuba man da aka yi domin wannan aiki. A kula, lambar da ke jikin gwangwani, 5W ko 10W ko 15W, ba ɗaya take ba tsakanin kamfanoni, 10 ɗin wani yana iya zama kusa da 7 ɗin wani, don haka in ka samu wanda ya yi maka ka zauna a kansa. Yawan man ma da awo ake zubawa, a auna tazarar da ta rage daga bakin bututu kamar yadda littafi ya faɗa, ƙafa biyun su zo daidai, domin iskar da ta rage a sama ita ma sifirin ce ta biyu da ke taurara idan an kusa ƙarshe. A kwance ƙarafan da ke haɗa shokazobar baya da firam a duba boris ɗinsu a sa giris, saboda ruwan damina na Kudu yana shiga nan ya bar tsatsa. A duba boris ɗin wuya da iskar taya. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa mutum ya rantse an canza masa babur.

Na biyu, sifirin daidai nauyinka. A duk abin da za a saya, babu wanda kwalliyarsa ke biyan kuɗin sabulu kamar wannan. Kamfanoni irin su Hyperpro na Holan, Wilbers na Jamus, Race Tech na Amurka da Öhlins na Suwidin, wanda aka kafa tun 1976, duk suna tambayar nauyinka da na wanda kake goyawa da na kaya kafin su ba ka lamba. A nan sai a faɗi gaskiya. Wanda ya rage wa kansa kilo goma don kunya, shi zai hau sakamakon.

Na uku, gyaran yadda mai ke wucewa a gaba. Shokazobar gaba mai sauƙin tsari huji ne kawai a jikin sanda, girmansa ba ya canzawa. Matsalar huji ita ce in saurin mai ya ninka sau biyu, turjiyarsa ninkawa take kusan sau huɗu. Shi ya sa irin wannan babur in ka taka birki sai ya dunƙura da kai kamar mai neman sujada, amma in ya daki bakin rami sai ya ƙage kamar itace. Wato ya yi laushi inda ake son ƙarfi, ya yi tauri inda ake son laushi. Mai tsada kuwa tana da wasu siraran faya-fayan ƙarfe da aka jera, waɗanda ke lanƙwasawa su buɗe hanya idan bugu ya yi ƙarfi. Akwai ɗan bawul da ake sayarwa, Race Tech sun yi suna a kansa, wanda ake ɗorawa a kan sandar bayan an faɗaɗa hujin, ya kwaikwayi wancan aiki a farashi mai sauƙi.

Na huɗu, kuma na ƙarshe, sabuwar shokazobar baya. Da yawa daga waɗanda ke zuwa da babur a rufe suke, ba a yi su don a buɗe a gyara ba, in sun mutu sai canji. In za ka canza, nemi abu uku: wadda ake iya buɗewa a yi mata sabis, wadda aka sa wa sifirin na nauyinka, da kuma mai marfin murɗa ɗauri da hannu a gefe. Wannan na ukun ya fi kowane ado amfani gare mu, domin yau kai kaɗai ne za ka ofis, jibi kuma ku biyu ne da kaya za ku Zariya. Mai ɗan tulun mai a gefe ta fi jure zafi a doguwar gargada. Ba lallai sai Öhlins ba, YSS na ƙasar Tailan ma suna yin masu sauƙin kuɗi da ake iya gyarawa.

In an ɗaura, sai saiti. Danna babur da ƙarfi ka saki, ya kamata ya taso sau ɗaya ya tsaya. In ya taso ya sake komawa yana lilo, linzamin miƙewa ya yi sako-sako. In kuma yana tasowa da nawa, ya yi tsauri, kuma a kan gargada ba zai gama miƙewa ba kafin bugu na gaba ya zo, sai ya yi ta nutsewa har ya ƙage. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a gwada a kan hanya ɗaya da aka sani, a rubuta a takarda.

Abubuwan da ban yarda da su ba

Ina girmama kanikawanmu, da basirarsu muke yawo. To amma dabarar da ke tashin babur ɗin acaba ba lallai ta yi wa babur mai nauyin kilo 250 da ke gudun babbar hanya ba. Zuba baƙin man inji a shokazobar gaba, ko cusa guntun bututu da wasa-wasai a saman sifirin da ka, ba tare da awo ba, ko zuba wa ƙafa ɗaya mai fiye da ɗaya, duk gyaran gangar auzinawa ne. Mafi haɗari shi ne kai shokazobar baya wurin mai walda ko huda ta. Matsin iskar da ke ciki ya kai kusan ninki huɗu na iskar taya, wuta ko huji na iya sa ta fashe a fuskar mutum.

Haka nan ban ga hikimar sayen tsohuwar shokazoba da aka ciro daga wani babur ba, sai fa in irin wadda ake buɗewa ce kuma za a yi mata sabis kafin a ɗaura. Ido ba ya ganin cikinta, kana iya sayen gawa ka maye gurbin gawa. Sai kuma masu rage wa babur tsayi don ƙafa ta taɓa ƙasa. Uzuri ne mai ƙarfi, amma a fara da rage kaurin kujera, domin duk milimitar da ka rage a ƙasa, tudun rage gudu na jiran cikin injinka. In kuma dole ne, a rage gaba da baya tare. Daga ƙarshe, masu ganin tauri shi ne inganci su sani cewa saitin filin tsere na kwalta mai santsi ne. A hanyar Mokwa tayar da ta fi bin ƙasa ita ce mai lafiya.

Masu ja da wannan ra'ayi

Hujja mafi ƙarfi da ake kawo mini ita ce tsada, kuma ban raina ta ba. Shokazoba mai kyau daga ɗaruruwan daloli take farawa har ta haura dubu, ga kuɗin jirgi ga na kwastan. Bayan da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, dala a hukumance ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,400 a 2024, don haka duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi. Amsata ita ce, shi ya sa na jera matakan a haka. Awo kyauta ne, mai da sil ba su kai kuɗin taya ɗaya ba, sifirin bai kai kuɗin salansar da ake rububi ba. Kuma a sa a lissafi cewa matacciyar shokazoba tana cin taya ta bar mata tudu da kwari, tana lanƙwasa wili, tana tsaga ƙarafan akwati. In sil ya fashe mai ya zubo kan faifan birki kuwa, ba a ma maganar kuɗi. Araha dai ba ta ado.

Hujja ta biyu ita ce wa zai gyara maka a nan? Gaskiya masu kayan aikin buɗe shokazobar baya su ɗura mata naitirojin ba su da yawa, alhali masu ƙera ta suna son a yi mata sabis lokaci-lokaci. Wannan dalili ne na zaɓen mai sauƙin tsari, da sayen sil na ajiya tun lokacin oda, da kuma tambayar wanda zai yi aikin kafin a biya kuɗi. Shi ne kuma ya sa nake ɗari-ɗari da masu aiki da lantarki. BMW sun fara sa saitin da ake canzawa da maɓalli tun tsakiyar shekarun 2000, Ducati suka kawo mai saita kanta tana cikin tafiya a Multistrada ta 2013. Fasaha ce mai ban sha'awa, kuma tana aiki. Amma ranar da waya ta tsinke ko na'urar ta rikice tsakanin Jebba da Mokwa, ba mai kwamfutar da zai duba maka. Wanda babur ɗinsa ya zo da ita ya kula da abarsa, amma mai zaɓi, ni dai marfin murɗawa da hannu zan nuna masa.

Hujja ta uku ita ce wadda ta fi damuna, wai gyara shokazoba yana ƙara wa matasa ƙarfin halin gudu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin babur in ya daina girgiza sai gudu ya daina ba da tsoro. To sai a tuna cewa in gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin karo sau huɗu yake ninkawa, kuma babu shokazobar da aka taɓa ƙerawa da za ta cece ka daga ramin da ya kai gwiwa cikin dare, ko saniyar da ta ratso hanya. Ribar gyaran ita ce ranar da aka yi maka ba-zata ka taka birki a kan gargada, tayarka tana ƙasa. Sai kuma gajiya. Mutumin da ya sha bugu na awa takwas, hannu ya mutu, wuya ya ƙage, ba ya ganin hanya kamar yadda ya gan ta da safe. Wanda ya isa da sauran ƙarfi a jikinsa ya fi kusa da yanke shawara mai kyau.

Kammalawa

Kulawar yau da kullum ba ta da wuya. Ƙurar hunturu a Arewa da iskar gishiri a Legas duk abokan gabar sil ne, don haka a riƙa goge bututun gaba da tsumma mai laushi bayan kowace tafiya, a duba ko tsatsa ta fara yi masa ƙuraje, in da hali a sa masa rigar roba. Duk sanda lodi ya canza a murɗa ɗauri, a ƙara iskar taya kamar yadda littafi ya ce, a gyara saitin fitila. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa a akwatunan gefe, kusa da tsakiyar babur, nauyin dama da hagu ya zo ɗaya. Abin da ya wuce iyakar da kamfani ya rubuta kuwa, sabon sifirin ba ya halatta shi, domin firam da taya da birki suna nan yadda suke. Jarkar manja a ba direban mota a tasha ya kai, Hajiya ta fi bukatar ganinka a kan ganin manja.

Saboda haka ɗan'uwa, kafin tafiyarka ta gaba, ari tef wurin tela, kira abokai biyu, ku ba abin rabin awa. Lambobin da za ku samu su za su gaya maka ko murɗawa kawai kake bukata, ko mai, ko sifirin, ko sabuwa gaba ɗaya. Salansa ba inda za ta, tana nan a shago tana jiranka. Wanda yake da wata fahimta daban, ko ya gwada wani abu a hanyoyin nan namu da ya ga amfaninsa, ina maraba da jin ta bakinsa. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya. Sai mun sake haɗuwa.